Hukuncin bin dokokin kare muhalli ga mai aika kayan da ya sayar ta intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sayar da kaya ta intanet, kuma da yawa daga cikin masu sayen kayana suna ƙasashen Turai. An sanar da ni cewa sai na yi rajista, na riƙa biyan kuɗi a kan kwali da ledar da nake naɗe kaya, na kuma rage girman kwalayen. Shin wajibi ne in bi waɗannan dokoki alhali ba Musulmi ne suka kafa su ba, kuma wannan kuɗi bai shiga cikin harajin zalunci da aka haramta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, bin waɗannan dokoki wajibi ne a kanka muddin kana shigar da kayanka kasuwannin da aka kafa su, domin wanda ya buɗe shago a dandalin ciniki, ya amince da sharuɗɗansa, ya ɗauki alkawari, kuma Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura. Ayar ba ta bambanta alkawarin da aka yi da Musulmi da wanda aka yi da waninsa ba. Abin dubawa shi ne ko sharaɗin ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyun a nan.

Ya kamata ka san abin da ake nema a wurinka filla-filla. A Jamus, dokar kayan naɗi da ta fara aiki a 2019 ta wajabta wa mai aika wa jama'a kaya ya yi rajista a kundin hukuma na masu amfani da kayan naɗi da ake kira LUCID, ya biya kuɗin tattarawa da sake sarrafa kwalinsa gwargwadon nau'insa da nauyinsa, kuma tun watan Yulin 2022 dandali irin su Amazon da eBay ba su da izinin barin wanda bai cika wannan ba ya ci gaba da sayarwa. Tarayyar Turai kuma ta fitar da doka mai lamba 2025/40, wadda a cikinta aka ƙayyade cewa daga wajajen 2030 gurbin da babu kaya a cikin kwalin aike kada ya wuce rabinsa, kuma ledar iska da yagaggun takardun da ake cusawa a cike gurbi ana lissafa su cikin gurbin ne.

Maganar haraji kuwa, abin da hadisai suka yi gargaɗi a kansa shi ne karɓe dukiyar ɗan kasuwa ba tare da haƙƙi ba. Wannan kuɗi na daban ne, domin kwalin da ka aika shara yake zama da zarar mai saye ya ciro kayansa, kuma dole wani ya kwashe shi, ya tantance shi, ya sarrafa shi. Idan ba ka biya ba, nauyin ya koma kan mutanen da ba su ci ribar cinikinka ba. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa, kuma Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa babu cuta, babu cutarwa. Ya halatta ka saka kuɗin cikin farashin kayanka, da sharaɗin mai saye ya ga jimillar abin da zai biya kafin ciniki ya ƙullu.

Inda na fi jin tsoro ga masu wannan sana'a shi ne wajen bayar da rahoto, domin galibi mai sayarwa ne da kansa yake rubuta nauyin kwali da ledar da ya yi amfani da su a shekara, kuma ba kullum ake bincika ba. Rage adadin da gangan ƙarya ce da cin haƙƙi, ko da ba a taɓa kama mutum ba. Ka ɗora kowane irin kwali a kan sikeli tare da gam ɗin da kake liƙe shi da abin da kake cusawa ciki, ka rubuta, ka ninka da yawan aiken da ka yi. Haka nan bai halatta ka buga a jikin kwali cewa ana iya sake sarrafa shi, ko cewa aikenka ba ya cutar da muhalli, sai kana da tabbaci daga wanda ya ƙera shi ko kamfanin da ke kai maka kaya. Mutane suna zaɓar mai sayarwa saboda irin wannan rubutu, don haka yin sa ba bisa gaskiya ba algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Saka ƙaramin abu kamar murfin waya a cikin babban kwali almubazzaranci ne tun kafin doka ta yi magana, domin yana cinye takarda, yana cike motar da za ta iya ɗaukar kayan mutane da yawa a sahu ɗaya. Amma kada ragewar ta kai ga kaya su fashe a hanya, saboda tozarta dukiya abin hani ne a hadisin Mugira bn Shu'uba da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma kayan da aka mayar aka sake aikawa sun ninka ɓarnar da ake gudu.

Haɗa kayan mutum ɗaya a kwali guda, da ba shi zaɓin karɓa a wurin ajiya na kusa da shi, abin so ne inda doka ba ta wajabta ba. Idan kuma cika sharuɗɗan wata ƙasa ya fi ƙarfinka, ka dakatar da aika kaya can har ka samu iko, domin hana kanka wata kasuwa halal ne, shiga cikinta da bayanan ƙarya kuwa haramun ne. Allah ne mafi sani.