Yarona ya zo da katako da ƙusoshi daga wajen 'yan sikawut, wai mota za mu yi ta tsere, ta ina zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka da iyalina, yarona mai shekara 8 yana cikin Cub Scouts, wato ƙananan 'yan sikawut. An ba shi wani ɗan kwali, a ciki akwai katako ɗaya, tayoyi huɗu na roba da ƙusa huɗu, aka ce mu ƙera mota za a yi gasa mai suna Pinewood Derby nan da sati uku. Ni dai motar kara na sani tun ina yaro, kuma ba ni da kayan kafinta a gida. Don Allah me ke sa motar nan gudu, kuma nawa ne aikina nawa ne na yaron?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya raya mana shi. Ka kwantar da hankalinka, sati uku ya isa har da saura, kuma wanda ya taɓa fafe kara ya soka tsinke ya yi taya ai ba baƙo ba ne a wannan aikin, bambancin kawai ita wannan ba a janta ba a turata, a kan gangara ake sakinta nauyinta ya kai ta.

Gasar tsohuwa ce. A 1953 wani shugaban ƙananan 'yan sikawut mai suna Don Murphy ya fara ta a Manhattan Beach, jihar Kalifoniya, saboda ɗansa bai kai shekarun shiga Soap Box Derby ba, wato tseren da yara ke shiga cikin mota da kansu su gangaro. Sai ya ce to a yi ƙarama wadda uba da ɗa za su zauna su sassaƙa tare. Ka riƙe wannan don shi ne amsar rabin tambayarka, tun asali don a yi tare aka ƙirƙiro ta.

Abu na farko kafin zarto ya taɓa katakon nan, ka nemi takardar dokoki ta rukunin su yaron. Dokar da kusan kowa ke bi ita ce nauyi kada ya wuce oza 5, wato giram 141 da ɗan ɗoriya, tsawo kada ya wuce inci 7, faɗi inci 2 da kwata uku, sannan tsakanin cikin motar da ƙasa a bar 3/8 na inci saboda akwai wani ɗan tudu a tsakiyar layin da motar ke hawa kai. Amma bayan waɗannan kowane rukuni da nasa ƙarin, wasu sun hana a sauya wurin ƙusa, wato ƙusar da taya ke juyawa a kanta, wasu sun ce dole tayoyi huɗun duka su taɓa ƙasa, wasu sun hana a taɓa taya ko kaɗan. Na sha ganin yaro tsaye a teburin awo hawaye na zuba an ce motarsa ba za ta shiga ba, kuma ba laifinsa ba ne, babba ne bai karanta takarda ba. Don Allah ka karanta.

To me ke sa ta gudu? Yawancin iyaye a siffa suke ƙarar da lokacinsu, a yi ta fiƙe hanci ana cewa don ta tsaga iska. Gaskiya iska tana da ɗan tasiri amma ita ce ta ƙarshe a layi. Hanyar tseren yawanci ƙafa 32 ce zuwa 42, tana farawa daga tsayin kamar ƙafa 4, duka tseren daƙiƙa uku ne ko kusa da haka, kuma abubuwa uku ne ke raba ta ɗaya da ta ƙarshe: nauyi da inda aka sa shi, santsin ƙusa, da kuma ko motar tana tafiya a miƙe.

Nauyi tukuna. Ka cika shi ya kai oza 5 ɗin nan, kada ka bar ko kaɗan, domin duk ƙarfin da motar za ta samu daga faɗowa ne, babu inji babu roba mai ja. Idan aka yanke katakon za ka ga ya koma shafal, sai an ƙara masa ƙarfe. Wurin da za a sa ƙarfen shi ne mutane ke kuskurewa. A wajen farawa motar hancinta na kallon ƙasa ne, bayanta na sama, saboda haka nauyin da ke baya ya fi na gaba tsayi daga ƙasa, zai faɗo daga wuri mai nisa, kuma lokacin da motar da aka sa wa nauyi a gaba ta gama gangara ta hau shimfiɗaɗɗe ita mai nauyi a baya har yanzu ana turata. A nan ne za ka ga motoci biyu sun sauko kai da kai amma suna hawa fili ɗaya ta zare ta bar ɗaya. Sai dai idan ka wuce gona da iri gaban zai yi sakayau ya riƙa rawa yana dukan layi hagu da dama, ka yi asarar abin da ka samu. Gwajin mai sauƙi ne kuma yaron zai ji daɗinsa: ku kafa rula a kan gefenta, ku ɗora motar a gicciye ku riƙa matsar da ita har ta tsaya ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Wurin da ta tsaya ya kasance kamar inci ɗaya a gaban ƙusar baya. Ƙwararru suna matsowa zuwa kwata uku na inci, amma ku da kuke farawa inci ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Kuma idan ka duba katakon za ka ga tsagin ƙusa guda biyu, ɗaya ya fi kusa da ƙarshen katako, to shi za ka mayar baya.

Wane ƙarfe? Masu kuɗin kashewa tangistin suke saya a shagunan kayan sikawut, yana da nauyi sosai a ɗan ƙaramin jiki, ya fi dalma nauyi da kusan kashi 70 cikin ɗari, shi ya sa yake shiga ɗan rami a bayan mota. In babu, sulalla da washa na ƙarfe suna yi, a manna da gam. Dalma kam ina roƙonka ka bar ta, ko an ce maka tana da arha, wasu har narkar da ita suke a gida. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata a ce mun sa ta a hannun yaro ɗan shekara 8 ba saboda tseren daƙiƙa uku.

Sai ƙusa, kuma nan ne na fi so ka zauna. Ɗauki ɗaya ka kai ta wajen haske ka duba ƙarƙashin kanta, za ka ga wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe guda biyu da suka fito, ka sa farce za ka ji yana kamawa, sannan a jikinta kusa da kai akwai wasu 'yan zane-zane da injin da ya buga ta ya bari. Daidai wurin nan taya ke juyawa. Wato idan ka sa ta haka yadda ta zo, tayar tana gurzar ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa. Yadda ake yi, a ɗaure ƙusar a bakin injin huda katako na hannu, kai ka riƙe injin, a fara goge ƙaiƙayin da ƙaramin magagari a hankali, sannan a yanka sanfefa siri-siri a jiƙa da ruwa, yaron ya riƙe bakin biyu yana ja a kan ƙusar tana juyawa, a fara da lamba 400 a hau 600, 1000, har 2000 in an samu, har sai ta yi ƙyalli yana ganin hasken fitila a jikinta. Kada a ci ƙarfen da yawa, in ƙusar ta rame tayar za ta riƙa lilo. Injin ko aro ne ka yi, kuma rukunoni da yawa suna ware rana guda da iyaye masu kayan aiki ke kawowa kowa ya yi amfani, ka tambayi shugaban su yaron.

Bayan gogewa sai garin girafait, shi ne baƙin abin nan da ke cikin fensir, ana sayar da shi a ɗan bututu. Yawancin dokoki shi suka yarda da shi, mai na ruwa an hana don yana ɓata hanya. A zuba a ramin tayar a juya a ƙara a juya, wannan aikin yaro ne ɗungurungum, hannunsa zai yi baƙi ƙirin, ku shimfiɗa jarida kada Hajiya ta ga kafet. Tayar da ta ji girafait in ka kaɗa ta da yatsa ya kamata ta yi kamar daƙiƙa 20 tana juyawa.

Na uku miƙewa. Tsagin da aka yi a katakon ba kullum yake daidai ba, kuma ƙusa in ta shiga a karkace motar za ta riƙa jingina da layin tsakiya tana goga. Ku tura ƙusar da hannu a hankali, ban da guduma, a bar rata tsakanin taya da katako kamar kaurin katin banki. Sai ku sami tebur mai santsi ku ɗan ɗaga gefe ɗaya da littafi ku saki motar, in ta yi ƙafa huɗu ba ta kauce fiye da inci ɗaya ba kun gama, in ta kauce a ɗan murɗa ƙusar gaba a sake gwadawa, sai ta daidaita sannan a ɗiga gam a tsagin, nesa da taya. Za ka ji ana maganar ɗage ɗaya daga cikin tayoyin gaba don uku kawai su taɓa ƙasa, ko a karkatar da motar da gangan ta bi layi. Suna aiki, amma wannan shekarar ku bar su, kuma ma sai in doka ta yarda.

Yanzu rabon aiki. Tunda ka ga siffa ba ita ce gudu ba, to ka sakar masa ita gaba ɗaya. Ya zana abin da yake so a takarda, ko kifi ne ko motar 'yan sanda ko takalmi, kai ka yanka masa da zarto, shi ya goge ya yi fenti ko da fentin ya zubo ta gefe. Sharaɗi ɗaya kawai, kada hancin ya yi tsini sosai, a bar shi da ɗan faɗi don ya zauna daidai a jikin sandar da ke tare motoci a wajen farawa. Abin da ke ɓata min rai a gasar nan shi ne motar da kowa ya kalla ya san babba ne ya yi ta shi kaɗai cikin dare, yaron yana riƙe da kofi amma ka tambaye shi ina nauyin yake bai sani ba. Naka in ya iya nuna wa abokinsa dalilin da ya sa ƙarfe ke baya, ya samu abin da aka kawo shi nema. Kuma ka gaya masa tun yanzu cewa na'ura ce ke auna lokaci, wani lokacin tazarar ta ɗaya da ta biyu ido ba ya gani, sannan ana ba da kyautar kyan ƙira a wurare da yawa.

Ranar awo ku je da wuri. Sikelin su shi ne hukunci ba na kicin ɗinka ba, kuma fenti da gam suna ƙara nauyi, don haka ku tsaya ƙasa da oza 5 da ɗan kaɗan ku tafi da 'yan ƙananan ƙarafa da gam da sukudireba a aljihu, a can za ku cika. A sa girafait na ƙarshe kafin a miƙa motar domin da zarar sun karɓa ba za ku sake taɓa ta ba sai an gama. A kawo ta cikin kwali an naɗe da tsumma, kada ya riƙa turata a ƙasa a hanya, faɗuwa ɗaya tana iya lanƙwasa ƙusa.