Amsa ga ɗan ƙanwata a kan miƙa wa babba littafi

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Kumasi, kuma ya faranta mini rai. Ka ce kai da abokanka na unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana, kukan zauna bayan la'asar, kowa ya faɗi abin da yake karantawa, na labari da na ilimi, sai wani dattijo ya ce muku yaro ba ya nuna wa babba littafi, kuma ƙagaggen labari ɓata lokaci ne. Kana son sanin ko haka al'adar take.

Maganarsa ta farko tana da tushe, kada ka raina shi. A Zango littafi da mutum yake tafiya. Muna yara ba wanda zai ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya shiga ɗaki ya karanta shi kaɗai. Gaban malam za ka durƙusa, ka karanto da Larabci, ya fassara maka da Hausa, baƙi bayan baƙi, har ka sauke. 'Yan'uwanmu Wangarawa ma sun fi tsanantawa: sai mutum ya karance Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa Malik da Ashafa kafin a naɗa masa rawani, a ba shi takardar da ke jero malamin da ya karantar da shi, da malamin malaminsa, har can baya. Littattafan kuwa rubutun hannu ne, warwara cikin gafaka. Wanda ya kwafa yakan sa sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Takarda ɗaya ta ɓace, aikin watanni ya lalace. Shi ya sa aron littafi ya zama amana mai nauyi, shi ya sa kuma daga sama yake saukowa ƙasa.

To amma abin da iyayenmu suke karewa shi ne kada mutum ya yi magana a kan abin da bai karanta ba. Idan ka karance littafi daga bango zuwa bango, ka san wanda ya rubuta shi, kuma za ka iya amsa tambaya a kansa, ka cika sharaɗin. Saura ladabi. Ka je ka gaishe shi, ka miƙa da hannu biyu, ka ce: "Baba, na karanta wannan, ina son ka duba ka gyara mini fahimta." Ban san dattijon da zai ƙi wannan ba.

A magana ta biyu kam ban bi bayansa ba. Wa ya rene mu in ban da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanninmu da dare? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fito ne daga gasar rubutun Hausa ta 1933, kuma waɗanda suka rubuta su mutane ne da suka yi karatun addini. Babban malaminmu na wannan ƙasa ma, Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, bai tsaya ga fiƙihu kaɗai ba. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, ya yi a kan zuwan Nasara, da Hausa da Larabci. Yana damuna ƙwarai a ce yaran Zango ba su san sunansa ba, alhali wasu rubuce-rubucensa suna ajiye a Jami'ar Gana da ke Legon, kusa da ku.

Tun da ka tambayi abin da zan ba ku, ku fara da The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasin nan, wanda ya fito a 2005. Gajerun labarai ne, za ku ga mai shayi da masu gardamar bakin titi kamar maƙwabtanku. Sai The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, na 2018, labarin mata biyu a zamanin yaƙin Salaga na 1892. Yana maganar bauta ba ɓoye-ɓoye, kuma wasu wuraren za su yi muku ɗaci, don kasuwar Salaga da kakanninmu suka sayi goro an sayar da mutane a cikinta. Kada ku karanta shi shi kaɗai. Ku haɗa da Caravans of Kola na Paul Lovejoy, tarihin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da Asante, don ku ga yadda ayari yake tasowa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, ya koma da goro. A nan za ku gane dalilin da ya sa ake jin Hausa a Kumasi da Ankara.

Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta wanda ya ari me, kuma kowa ya mayar a kan lokaci. Shi dattijon, ku gayyace shi zamanku, ku roƙe shi ya faɗa muku abin da ya karanta a gaban malaminsa da sunan malamin, ku rubuta. Idan za ka zo hutun Sallah, ka taho mini da wanda ya fi kama ranka cikin naku. Ka gaida mahaifiyarka da kyau.

Kawunka.