Kafin ka buɗe wani sabon aikin gefe

Ƙanina, na ga saƙonka. Kace tunda ka fara zama kusa dani baka ga inda muke ƙirƙirar sabon abu ba, kullum gyare-gyare ne da amsa kiran kwastoma, sannan abokanka sun cika maka kunne wai wanda bashi da tarin ayyukan gefe (abinda mutum yake ginawa don kansa bayan aikin ofis) a GitHub, shafin da masu rubuta kod suke ajiye aikinsu, kuma baya raba dare yana rubuta kod babu inda zai je a wannan sana'ar ta gina shafukan intanet, kai kuma ka fara abubuwa barkatai a kwamfutarka babu ko ɗaya da ka kai ƙarshensa. Shine kake tambaya me ya kamata kayi.

To bari in fara da na yau da gobe. Abinda kake gani ɗin nan shine aikin, babu wani ɗaki a ciki da muka kulle muke ɓoye maka. Mai gina shafukan intanet yafi cin lokaci wajen karanta kod akan rubuta shi, kuma galibin abinda zai karanta ba nashi bane, na wani ne da ya bar aikin tun da daɗewa bai bar ko layi ɗaya na bayani ba. Da safe ka duba ko wani abu ya faɗi cikin dare, ka karanta saƙonni, ɗan mitin idan akwai, sai ka ɗauki matsala ɗaya ka zauna da ita. Wata ranar gaba ɗayanta layi uku zaka rubuta, kuma ranar tayi kyau.

Ga yadda irin wannan ranar take. Kwastoma ya kira yace shafi baya aiki. Wannan ba bayani bane, kuka ne, aikinka na farko ka mayar dashi bayani: wane shafi, a wace waya, wace burauza, me ya danna, ƙarfe nawa, ya turo hoton sikirin. Sai ya zama ashe fom ɗin tura saƙo ne, kuma ba kowa yake samun matsalar ba, wasu suna turawa lafiya lau. Ka gwada a wajenka ya tafi sumul. A nan ne sabon shiga yake cewa ai a wajena yana aiki, ya rufe kwamfuta. Kai kuwa sai ka roƙi a kwafo maka ainihin rubutun da mutumin ya tura, ka liƙa shi yadda yake, ka danna F12 ka buɗe ɓangaren da ke nuna abinda ke fita da shiga tsakanin burauza da sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, ka tura. Jan layi ya fito, 500. Wato laifin a sabar yake, burauza tayi nata. Ka shiga log, fayil ɗin da sabar ke rubuta abinda ya faru, ka gangara ƙasa ƙasa, sai ga MySQL, manhajar rumbun bayanan shafin, yana ƙorafin wani rubutu da bai iya ajiyewa ba, lambobin da ya nuna sun fara da F0 9F. Da ganin F0 9F ka san emoji ne. Mutumin ya saka ɗan hoton dariya a ƙarshen saƙonsa, shi kuma wanda ya gina teburin tun farko ya zaɓi abinda MySQL ke kira utf8, wanda a gaskiya bayit uku kawai yake ɗauka a kowane harafi, emoji kuma huɗu yake buƙata. Maganin utf8mb4 ne, mai ɗaukar bayit huɗu, yana nan tun 2010. Ka canza tebur, ka canza saitin haɗin da kod yake yi da rumbun bayanai don idan ka manta wannan na biyun zaka ga alamomin tambaya sun maye gurbin hoton, kuma kafin ka taɓa komai ka ɗauki kwafin rumbun ka ajiye gefe. Gyaran kansa minti goma ne, neman ne ya cinye rabin yini. Wannan neman shi ake biyanmu dominsa, don kowa zai iya buga utf8mb4 idan an faɗa masa inda zai buga.

Kuma idan kana cikin irin wannan tsohon kod ɗin zaka ga abubuwa da yawa da zasu baka haushi, hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka goge ka sake rubutawa. Danne zuciyarka. Wani layin da kake ganin shirme ne an saka shi ne saboda wata matsala da ta taɓa tada hankalin mutane da tsakar dare, baka nan lokacin. Ka duba tarihin Git, manhajar da ke ajiye duk canjin da aka yi wa kod, ka ga yaushe aka saka kuma me aka rubuta a komit ɗin, wato ajiyar wannan canjin tare da bayaninsa, idan baka gane ba ka tambaya, idan babu wanda ya sani kuma ba abinda aka aiko ka gyara bane, a bar kaza cikin gashinta.

Maganar wai sai ka koyi sabon furemwok (shiryayyen kod da ake ɗora ginin shafi a kai) duk wata, nidai ban yarda ba. jQuery ya fito 2006 kowa ya rungume shi, React ya fito fili 2013, Vue 2014, kowanne da zamaninsa da masu yi masa kirari. Flash, manhajar saka bidiyo da wasanni a shafuka, da mutane suka gina sana'arsu kacokan a kai an rufe babinsa ƙarshen 2020, burauza Internet Explorer da ya sa mu furfura Microsoft ta sallame shi a watan Yunin 2022. Amma HTML da CSS da JavaScript da SQL da yadda HTTP yake aiki suna nan daram ƙarƙashin duk waɗannan. Kuma WordPress, manhajar haɗa shafuka da aka fara tun 2003, wanda yaran yanzu suke yatsina fuska idan an ambace shi, har gobe shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Ma'ana aikin da zai riƙa zuwa teburinka yawancinsa tsohon kaya ne mai buƙatar wanda ya san tushe. Ka riƙe furemwok ɗaya da kyau, sauran idan buƙata ta kawo zaka ɗauke su cikin sati biyu uku.

Yanzu ayyukan gefe. Abokanka basu yi ƙarya gaba ɗaya ba, manyan abubuwa da dama daga gefe suka taso. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya sanar da Linux a 1991, shi da kansa yace abin sha'awa ne kawai yake yi ba wani babban abu ba. Rasmus Lerdorf ya rubuta wasu ƴan kayan aiki ne don ya san masu leƙa shafin da ya saka tarihin aikinsa, ya sake su 1995, shine asalin yaren kod na PHP. Evan You yana aiki a Google ya fara Vue a lokacinsa na kansa. Amma ka lura da abinda masu baka labarin suke tsallakewa, kowannensu wata buƙata ce tashi ta kansa ta dame shi, kuma abu ɗaya ya riƙe shekara da shekaru yana gyara yana amsa ƙorafin mutane. Babu wanda a cikinsu aka sani saboda ya buɗe folda ashirin.

Su waɗannan da ka fara ka watsar, na san yadda abin yake faruwa. Kwana biyun farko akwai daɗi, ka zaɓi suna, ka zaɓi kala, ka girka kaya, shafin farko ya fito fes. Sai ka iso wajen rajistar masu shiga da mantuwar kalmar sirri da me zai faru idan mutum ya danna maɓalli sau biyu, daɗin ya ƙare, sai wani sabon tunani ya faɗo maka. Ka ga kenan kullum ɓangare mai sauƙin kake maimaitawa, ɓangaren da zai koya maka wani abu baka taɓa shigarsa ba. Taura biyu bata taunuwa balle goma.

Shawarata ka zaɓi ɗaya tak, kuma mafi ƙanƙanta, wanda kai da kanka zaka riƙa amfani dashi ko da babu wani mahaluki da ya san da zamansa. Ko ɗan shafin da zaka riƙa rubuta littattafan da ka ba mutane aro ne da ranar da suka karɓa, ya isa. Ka rubuta a takarda abubuwa uku da zai yi, duk wani tunani da ya zo bayan haka ka jefa shi a wani fayil daban kar ka taɓa. Ka gama ukun. Sannan ka sai domen, wato adireshin shafin, ka ɗora shi a sabar da hannunka, ka ba mutum biyu ko uku su shiga. Daga nan ka riƙe shi wata shida.

Wata shidan nan sune makarantar. Satifiket ɗin tsaron shafi (HTTPS) na Let's Encrypt kwana 90 ya saba yi, idan sabuntawar da ka saita bata tashi ba wata safiya burauza zata tare mutane da gargaɗin cewa shafinka ba amintacce bane, ranar zaka koyi cron, mai tada aiki da kansa a lokacin da ka saita, da gaske. Fom ɗinka da baka tallata wa kowa ba bot, manhajojin da ke yawo a intanet da kansu, zasu gano shi su cika maka rumbu da tallar banza. Zaka rubuta aro jim kaɗan bayan sha biyun dare ka ga shafin ya saka kwanan watan jiya, saboda sabar tana bin agogon duniya na UTC kai kuma agogon inda kake yana gaba, daga ranar ba sai an sake ce maka ka ajiye lokaci a UTC ka juya shi wajen nunawa ba. Zaka ce kana da kwafin ajiya, to gwada dawo dashi a wata kwamfutar ka gani, kwafin da ba a taɓa gwada dawowa dashi ba fata ne kawai. Sannan bayan wata huɗu ka buɗe kod ɗin da kai ka rubuta ka kasa gane me kake nufi, a nan zaka daina zagin mutumin da ya bar mana wancan tsohon aikin, ka fara rubuta bayani.

Kuma ka rage jibga laburare, wato kod ɗin wasu da ake girkawa, akan abinda layi goma zai yi maka. A watan Maris na 2016 wani ya cire ɗan kunshinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun da ake ɗauko irin waɗannan kunshin kod, layi 11 ne kacal, aikinsa ƙara sarari a gefen hagu na rubutu, sai ga dubban ayyuka sun kasa girkuwa har da manya irin su Babel, saboda wani ya jingina da wani wanda ya jingina dashi. Duk abinda ka girka ka ɗauki nauyin bibiyar sabuntawarsa da ramukan tsaronsa. Haka ma waɗannan manhajojin da suke rubuta wa mutum kod yanzu, ban hana ka ba nima ina amfani dasu, amma layin da baka iya yi min bayaninsa ba kar ya shiga komit da sunanka.

Wanda ya zo neman aiki wajena da ɗan ƙaramin abu ɗaya da yake raye a intanet, ya iya faɗa min me ya taɓa lalacewa a ciki da yadda ya gano, wallahi yafi min mai shafin GitHub cike da ayyukan da aka kwafo daga bidiyon koyarwa. Waɗancan duk kamarsu ɗaya, da ka buɗe zaka gane.

Batun kwana ana kod kuwa, ka bar wa masu son hoto. Kod ɗin ƙarfe biyun dare da safe ake goge shi. Sana'ar nan zama ce, tana cin ido da wuya da baya da wuyan hannu a hankali baka sani ba, don haka ka riƙa tashi, duk minti 20 ka ɗauke ido daga sikirin ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Kuma ka samu wani abu da kake so wanda babu ruwansa da kibod. Ni tsofaffin rediyo nake kwancewa in gyara a ƙarshen mako, babu kwastoma babu wa'adi, idan ta ƙi tashi in rufe ta sai wani satin. Wani ƙwallo ne, wani shuka, wani karatun tarihi. Ba don hutu kaɗai ba, yawancin ayyukan gefe masu ma'ana daga can suke fitowa, saboda mutumin da bai san komai ba sai kod, abinda zai iya ginawa kawai kayan rubuta kod ne. Kuma akwai ƙwararru da dama da basu da aikin gefe ko ɗaya, suna tashi daga aiki su koma ga iyalinsu, babu abinda ya rage su dashi. Kai dai saboda kana koyo ne nace kayi ɗaya.

Abu biyu kafin ka ɗora komai a fili. Ka karanta takardar yarjejeniyar duk inda kake aiki, yanzu ko nan gaba, domin wasu kamfanonin suna rubuta cewa abinda ka gina a lokacinsu ko da kwamfutarsu nasu ne, don haka aikin gefe da kwamfutarka da lokacinka, kuma kar ka ɗauko ko layi ɗaya daga kod ɗin kwastoma. Na biyu, kalmomin sirri da makullan API, lambobin sirrin da kod ɗinka yake shiga wasu manhajoji dasu, su zauna a fayil ɗin .env, shi kuma ka saka shi a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba, tun kafin komit na farko. Idan makulli ya riga ya shiga komit ka tura, goge shi a komit na gaba baya cire shi daga tarihi, kuma akwai bot da aikinsu kenan bin GitHub suna tsintar irinsu. Ka soke wancan makullin nan take ka ciro sabo.