Ai ruwan ya bi ta inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna cika gorar dispensa a wani waje nan unguwarmu a Kano, kusan sati biyu kenan yarana suna zawo. Na lura yaron wajen da hannun da yake karɓar kuɗi yake kama bakin gorar ya danna murfi. Da na yi magana mai wajen ya ce ai ruwan ya bi ta inji, ba abin da zai same shi. Hankalina a tashe yake wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Zawon sati biyu ya wuce na kemis, a kai su asibiti a yi gwajin kashi, kafin nan ki ci gaba da ORS da zinc, ruwan kuma ki tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa.

To wannan "ya bi ta inji" ɗin ita ce maganar da ta ishe ni, kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri. Injin fa aikinsa ya ƙare a bakin famfo. Fitilar UV, wato fitila mai haske na musamman da ke cikin injin, tana kashe ƙwayoyin cuta ne a lokacin da ruwan ke wucewa ta gabanta kawai, ba ta barin komai a ciki da zai ci gaba da tsaronsa kamar yadda kulorin ke yi, kuma yawancin wuraren nan sun tace kulorin ɗin da gawayi tun kafin ruwan ya iso fitilar. Kenan duk abin da ya shiga bayan fitilar ya shiga kenan. Yaro ya fito daga banɗaki, ya ɗauraye hannu da buta ba sabulu, farce zaƙo-zaƙo, ya ƙirga canji, ya ɗauko tiyon da ke yashe a ƙasa ya zura a gora, ya ɗebo murfi daga bokiti ya goge da tsumman da ke kafaɗarsa tun safe, wane inji ne zai bi bayan wannan? Ita kanta fitilar ana canza ta duk shekara, amma za ki tarar da wadda ta yi shekara uku, wai ai tana kawo haske.

Kuma kar hasken ruwa ya ruɗe ki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ita ce kada a samu E. coli, wato ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya ji. Mutum ma yana iya warkewa daga taifot ya ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa shekaru yana yawonsa lafiya lau, shi ya sa ake cewa a riƙa gwada ma'aikata duk wata 6, ba a sayo takarda a manna a bango ba. Safar hannu ma da ake burga da ita, in da ita ake taɓa kuɗi da waya sunanta datti.

Ki koma ki tsaya ki kalla. Akwai wajen wanke hannu da sabulu kusa da famfon? Ana wanke cikin gora kafin a cika, ko ɗauraya ce kawai? Murfin sabo ne? Mai kuɗi daban, mai cikawa daban? Ki tambayi rajistar NAFDAC da sakamakon gwajin ruwa na baya-bayan nan, ki duba kwanan wata. In ya fara kame-kame ki canza waje, ki kuma kai ƙara wajen duba-gari na ƙaramar hukumarku, a rubuce, don ta baki ba za su motsa ba.