Tambayi Likita: Baƙin tabon kafaɗa da ya fara zubar da jini

Tambaya: Likita, wasu fararen tabbai sun fito min a kafaɗa da baya, sun fi yawa lokacin zafi. (Ɗalibi daga Jega)

Amsa: Da alama ƙyasbi ne. Ka nemi man clotrimazole ka riƙa shafawa safe da yamma, ka rage kwana da rigar gumi. Launin fatar kan ɗauki watanni kafin ya dawo. Amma idan ka taɓa tabon ba ka ji taɓawar ba, wannan wani zance ne, ka je asibiti a duba ko kuturta ce.

Tambaya: Ina da tawadar Allah a damtse tun haihuwa. A cire ta? (Wata baiwar Allah, Gusau)

Amsa: Muddin tana nan yadda kika san ta, ki bar ta. Ranar da ta sauya kama ko girma, ki zo a gani.

Tambaya: Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama. Wani baƙin tabo ya fito masa a kafaɗa, ya yi ta faɗi har ya fara zubar da jini. Wanzami ya yi masa sakiya, ya lafa, ya dawo. Yanzu ga kaluluwa a hammatarsa. Dattawa sun ce daji ne, kada a kai shi asibiti don daji ba ya son ƙarfe. Me za mu yi? (Daga Argungu)

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kai shi asibiti cikin wannan makon, kada ku jira a gama girbi.

Ban ga tabon da idona ba, amma abin da ka lissafa ya tayar min da hankali. Akwai sankarar fata da ake kira melanoma, tana tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Alamunta: tabo wanda gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, bakinsa a tattauye, launinsa gauraye da baƙi da ruwan ƙasa har da ja, faɗinsa ya wuce milimita 6. Babbar alamar ita ce sauyawa: yana girma, yana ƙaiƙayi, yana jini. A wurinmu baƙar fata, cutar ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, shi ya sa har wasu ma'aikatan lafiya ba sa kawo ta a rai idan sun ga tabo a kafaɗa. Amma tana fitowa a can. Akwai kuma wasu nau'o'in sankarar fata da kan tashi daga tsohon gyambo ko tabon ƙuna. Ido kaɗai ba ya rabe su, sai an yanki naman an duba a ɗakin gwaji.

Kaluluwar nan ita ta fi damuna. Ruwan jikin da ke fitowa daga hannu da kafaɗa ta hammata yake bi, don haka idan cutar ta tashi tafiya, nan ne zangonta na farko. Tana iya yiwuwa ƙunar sakiyar ce ta ruɓe ta jawo kumburin, ina fatan hakan ne. Amma kaluluwa mai tauri, marar zafi, da ta ƙi saɓewa, ba a zama da ita a gida.

Sai maganar ƙarfe. Wallahi wannan zance ya cinye mutane da yawa. Kuma abin mamaki, waɗanda suka hana wuƙar likita su ne suka yarda aka ɗora masa jan ƙarfen wanzami! Ga inda camfin ya samo asali: ana ɓoye mara lafiya a gida, a shafa toka, a shafa kanwa, wani har ruwan batir, sai ciwo ya bazu zuwa huhu ko hanta sannan a ɗauko shi. Idan ya rasu bayan tiyata sai a ce ƙarfe ne. Jinkirin ne ya kashe shi. Melanoma da aka kama kaurinta bai kai milimita 1 ba, yanka ne maganinta, a cire ta tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, kuma mafi yawan masu ita sukan warke. Sakiya kuwa saman kawai take ƙonewa, saiwar na ci gaba da nutsewa ƙasa, ga shi ta ɓata naman da za a gwada.

Ku fara da babban asibiti a Birnin Kebbi, ko na Sir Yahaya ko na tarayya, ku nemi ganin likitan tiyata. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku faɗi gaskiya cewa an yi sakiya. Kafin nan a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, kada a ƙara shafa komai. Na san kuɗin mota da na gwaji ba wasa ba ne a wannan lokaci, amma ku haɗa kai a dangi, kowane wata da ya wuce kuɗin ƙaruwa yake. Addu'a kuma a ci gaba da ita a kan hanyar asibiti.

Tambaya: 'Yata zabiya ce, kafaɗunta da hannayenta kullum a ƙone. (Uwa daga Talata Mafara)

Amsa: Hajiya, zabiya sun fi kowa haɗarin sankarar fata, rana ce ke jawo musu. Riga mai dogon hannu, hijabi mai kauri ko malafa, da man shafawa na kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama. A ɗauke mata talla da aike daga hantsi zuwa la'asar. Duk wani ƙurji mai kaushi ko miki da ya yi wata bai warke ba, ki kai ta asibiti a Gusau, kada wanzami ya taɓa shi.