Gyara gwiwar tukuna, Italiya tana nan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce shekarunka 17, wani eja ya yi maka alkawarin gwaji a wani kulob a nan Italiya, amma gwiwarka ta dama da ta murɗe a wasa ba ta koma daidai ba. Kana tambaya ko ka daure ka taho, in ka samu kulob su yi maka magani. Don Allah kada ka taho da ita a haka.

Bayanin da ka yi ya tayar mini da hankali. Ka ji ta yi ƙas lokacin da ka juya, kafin dare ta kumbura suntum, yanzu kana iya gudu a miƙe amma da ka zo yanke mutum sai ta ƙwace maka. A aikinmu na gashin ƙashi, in yaro ya faɗi haka, abin da muke fara zargi shi ne tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Ba na raina mai ɗorin da ya duba ka, amma jijiyar nan a can cikin gaɓa take, hannu ba ya kai mata, hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi. Kuma duk sanda gwiwar ta ƙwace, guringuntsin da ke ciki ne ke shan wahala, shi kuwa in ya yage ba ya komawa yadda Allah ya yi shi.

Ƙwayoyin kashe ciwon da kake sha kafin atisaye, ka daina. Zafin kawai suke ɓoyewa, ɓarnar tana ci gaba.

A nan ba a ɓoye irin wannan. Tun 1982 doka ta ce duk mai shiga gasa sai likitan wasanni ya ba shi takardar lafiya, kuma kowace shekara ake sabuntawa: awon bugun zuciya kana hutawa da bayan ka motsa jiki, awon numfashi, awon fitsari. Kulob da zai sa hannu da kai ya fi haka bincike. Likita zai kwantar da kai, ya ɗan lanƙwasa ƙafar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. In ƙwaurin ya biyo shi babu abin da ya tare, magana ta ƙare kafin ka taɓa ƙwallo. Ka tuna Nwankwo Kanu: a 1996 ya dawo da zinaren Olamfik daga Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, sai da aka yi masa tiyata a Amurka. Shi yana da kwantiragi a hannu. Ɗan gwaji tikitin komawa gida kawai yake da shi.

Ka yi lissafi ma. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, inshorarta ta gaggawa ce, yawanci ba ruwanta da tsohon ciwo. Ita kuwa wannan jijiya in an yi tiyata, akan ɗebo wata jijiyar daga bayan cinyarka ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa, sannan ka shafe wata 9 zuwa 12 kana atisayen farfaɗowa kafin ka koma gasa. Masu gaggawar komawa su ne suka fi sake tsinka ta. Ga kuma dokar FIFA da ta hana ɗauko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai da ban ga sun shafe ka ba. Ejan da ya san aikinsa ya san wannan, don haka tambaye shi, kuma kada Baba ya sayar da komai tukuna.

Kuɗin da aka tara na tafiya, a fara kai ka asibitin ƙashi na Dala da su, likita ya duba, a yi MRI. Mai yiwuwa abin bai kai yadda nake tsoro ba, atisayen ƙarfafa cinya ya wadatar. Kafin nan ka ajiye takalmin ƙwallo, in ta kumbura ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora na minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar sama. In sakamakon ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo mini mu duba tare. Ka gaida su Umma, Allah ya ƙara sauƙi.