MRI ko CT ga idon da tayiroid ya kumbura?

Yar'uwa, kin ce idanunki sun firfito saboda cutar tayiroid (wata gaɓa da ke gaban wuya), likita ya rubuta miki hoton MRI, kina tambaya ko hoton CT ba zai wadatar ba; dukkansu hotunan cikin jiki ne da ake ɗauka da na'ura.

Aikinsu ya bambanta. CT ya fi nuna ƙashin ramin ido, yana kuma nuna cunkoson tsokoki a bayan idon, shi ya sa ake nemansa in za a yi tiyata. MRI kuwa yana nuna ruwan da ya taru cikin tsokokin da ke juya ido. Tsokar da kumburinta ke ci sai ta fito da haske a hoton, wadda ta riga ta zama tabo kuma ta dushe. Wannan bambancin ne ke sa likita ya san ko maganin rage kumburi zai yi tasiri, don tabo ba ya jin magani.

Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai alamomi 7 da likitan ido ke ƙirgawa, irin su zafi, ja da kumburin fatar ido. Samun 3 ko fiye na nuna cutar na ci.

Kada ki yarda a yi miki allurar sinadarin aidin da ake yi don hoton CT ya fito sosai, sai likitan tayiroid ya sani. In launuka suka fara kodewa ko gani ya ragu, ki je asibiti ranar.